Tunatarwa ga Mai Dukiya da Mai Littafi a kan Wasiyya ga Ɗakin Karatu

Da sunan Allah nake farawa, kuma gare Shi nake neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba mu aron dukiya da aron kwanaki. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala shi ne wani falke abokina, wanda muka yi karatun allo tare tun muna yara, sa'an nan fatauci ya ɗauke shi, ni kuwa zaure ya riƙe ni. Ya zo mini bayan sallar la'asar ya ce: "Malam, girma ya kama ni. Ina so in sa wani abu a cikin wasiyyata domin ɗakin karatun nan na unguwarmu, wanda rufinsa yake yoyo, littattafansa suka tsufa. Amma na lura yaran gidana ba su so. Babbansu ya ce mini mai rai ya fi takarda bukata. Shin idan na aikata, na zalunce su?" Ban ba shi amsa a ranar ba, domin tambayar ta fi yadda ya zata nauyi. Ga abin da na tattara bayan na yi tunani, na rubuta shi domin falke da almajiri duka, tun da ɗaya yana da abin bayarwa, ɗaya kuwa shi ne za a ba.

Zan fara da abin da idona ya gani. Na halarci rabon gadon wani malami a garinmu, ba zan ambaci sunansa ba, Allah Ya jiƙansa. Ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, da gida, da gona, da adaka huɗu cike da littattafai. Wasu bugun Masar ne da ya saya a Kasuwar Kurmi a hankali a hankali cikin shekara arba'in, wasu kuwa rubutun hannu ne, nasa da na mahaifinsa da na kakansa. Masu rabo suka zauna, suka yi wa kome kuɗi, har littattafan, domin littafi dukiya ne a shari'a, ana gadonsa kamar yadda ake gadon akuya. Aka raba. Wani sharhi mai juzu'i huɗu ya faɗa hannun mutum uku. Juzu'i na fari ya tafi wurin babban ɗa, wanda direban mota ne, ba ya kwana biyu a gari. Na biyu da na uku suka bi wata 'ya zuwa gidan mijinta. Na huɗu ya zauna wurin ƙaramin ɗa, shi kaɗai ne almajiri a cikinsu, ya riƙe ƙarshen magana ba shi da farkonta. Rubutun hannu kuwa ka san yadda yake a ƙasarmu: warƙoƙi ne sake a cikin gafaka, ba ɗinki, abin da yake haɗa su kalma ɗaya ce da mai kwafi yake rubutawa a gindin shafi domin ta nuna farkon shafin da ke biye. Idan gafaka ta kwance, iska ma ta isa ta raba littafi. Damina biyu ba ta wuce ba sai da ɗakin da aka ajiye mafi yawansu ya yi yoyo, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, babu wanda ya yi zalunci a cikin wannan al'amari. Rabon daidai yake, kowa haƙƙinsa ya karɓa, alƙali ba zai sami abin gyarawa ba. Amma aikin mutum uku, kaka da ɗa da jika, ya tafi. Mutum ɗaya ne yake da ikon hana wannan, shi ne malamin da kansa, tun yana da lafiya. Bai yi ba, domin yana ganin zancen wasiyya kiran mutuwa ne.

Fasali a kan iyakar da shari'a ta sa

Ka sani, idan mutum ya cika, abin da ya bari ana bin sa daki-daki. Ana fara fitar da kuɗin likkafani da binnewa, sa'an nan a biya bashi, sa'an nan a zartar da wasiyya, sa'an nan magada su raba saura. Wasiyya kuwa ba ta wuce sulusin abin da ya rage bayan bashi, kuma ba a yin ta ga wanda yake da rabo a gado, sai fa idan sauran magada sun yarda. Asalin iyakar sulusi labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, Allah Ya yarda da shi. Ya yi ciwo mai tsanani a Makka, yana da dukiya, ba shi da ɗa sai 'ya guda. Ya nemi izinin bayar da kashi biyu cikin uku, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi. Ya nemi rabi, aka hana shi. Aka tsayar da shi a kan sulusi, aka kuma nuna masa cewa sulusin ma ba kaɗan ba ne, kuma barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙo. Dubi kuma abin da ya biyo baya: Sa'adu ya warke, ya rayu sama da shekara 40 bayan wannan, ya haifi 'ya'ya da yawa. Wanda yake lissafi a kan shimfiɗar ciwo bai san adadin waɗanda za su gaje shi ba.

Ga misali domin mai ciniki ya gane. Mutum ya bar abin da ya kai naira 9,000,000. Jana'iza da bashi suka ci 1,500,000. Saura 7,500,000. Iyakar abin da wasiyyarsa za ta taɓa shi ne 2,500,000, ko kwabo ba ya hawa kai sai da yardar magada. Idan ya yi wasiyya da littattafansa duka, aka yi musu kuɗi suka wuce wannan adadi, abin da ya ɗoru yana hannun magada, in sun so su bari, in sun so su karɓe. Malamai da yawa ba su lura da wannan ba, domin sau da yawa malami ba shi da wata dukiya sai littattafan, sai ka ga su ne rabin abin da ya bari ko fiye.

Malaman mazhabarmu ta Maliku sun inganta wasiyya ga abin da ba mutum ba, kamar masallaci da gada, a kashe ta cikin maslaharsa. Ɗakin karatu yana shiga wannan babi. Sun kuma ce mai wasiyya yana da ikon warware ta ko canza ta muddin yana da rai. Sun tsananta a kan shaidu: takarda da aka tsinta a ƙarƙashin matashi, ko da an tabbatar rubutunsa ne, ba a zartar da ita idan bai kafa shaida ba, bai kuma ce a zartar ba, domin mai yiwuwa ne ya rubuta yana shawara da zuciyarsa, daga baya ya fasa. Sun kuma ce mustahabbi ce ga mai yalwa, abin ƙi ce ga wanda dukiyarsa kaɗan ce kuma yana da magada. An ruwaito cewa Ibnu Abbas ya so mutane su sauko daga sulusi zuwa rubu'i.

Akwai wata ƙofa ta biyu, ita ce hubusi, wanda wasu suke kira wakafi: ka tsare asalin abu, ba sayarwa, ba kyauta, ba gado, amfaninsa kuwa ya gudana ga waɗanda ka ambata. Haka Sayyidina Umaru ya yi da gonarsa ta Haibara. Malikiyya sun halatta hubusin abin da ake ɗauka, kamar littafi. Idan ka yi shi kana da lafiya, iyakar sulusi ba ta hau kansa, amma da sharaɗi: ya fita daga hannunka, wanda aka ɗora wa ya karɓa tun kafin ciwon ajali. Wanda ya ce da baki "littattafaina hubusi ne" sa'an nan ya kulle su a ɗakinsa har ya mutu, ya bar wa 'ya'yansa rigima ne kawai. Wanda kuwa ya yi hubusi a cikin ciwon ajali, hukuncinsa ya koma na wasiyya, daga sulusi ake fitar da shi.

Fasali a kan abin da ya fi hukunci wuya

Wannan duka alƙali ya san shi. Amma abokina ba halacci ya tambaye ni ba, ya san halal ne. Abin da yake tambaya shi ne ko ya kyautu. A nan ne magana take.

Ɗansa ya ce mai rai ya fi takarda bukata. Kada ka yi saurin ƙaryata yaron, domin akwai gaskiya a bakinsa. Idan a cikin magadanka akwai marayu ƙanana, ko matar da ba ta da mai ɗaukar nauyinta, ko ɗan da bashi ya danne, to su ne ɗakin karatunka na farko, kuma wanda ya tsallake yunwar gidansa ya je yana gina wa baƙi kanta, ya juya tsarin da aka sa masa. Ba na ganin alheri a cikin wasiyyar da za a zartar ana kuka biyu, kukan mutuwa da kukan talauci. Haka kuma wanda ya yi wasiyya domin ya ƙuntata wa magada, saboda fushi da wani ɗa ko ƙin wata mata, ya sa ɗakin karatu ya zama sandar duka, wannan zunubi ya ɗauka ko da bai wuce sulusi ba. Alƙali zai zartar, domin shi zahiri yake gani. Wanda Yake ganin zuciya kuwa lissafinSa dabam ne.

Amma idan magada manya ne, kowa da sana'arsa, kashi biyu cikin uku zai ishe su, to maganar yaron ta rasa ƙafa. Gama wa zai karanta littafin nan in ba mai rai ba? Takarda ba ta cin kuɗin, yaron maƙwabci ne yake ci, wanda yake da kai amma ubansa ba shi da abin sayen ƙamus. Zaɓin da ke gabanka tsakanin mai rai ne da ka haifa da mai rai da ba ka haifa ba, wataƙila ma ba a haife shi ba tukuna. Shari'a ta riga ta yi wannan rabo: ta ba na farko kashi biyu ba da shawararka ba, ta bar maka ɗaya ka duba na biyu in ka so. Sulusin nan bai taɓa zama na magada ba balle a ce an ƙwace musu. Ɗan da yake jin an rage masa, ya fara ƙirga dukiyar ubansa ne tun uban yana numfashi.

Sai dai akwai wata tuhuma da ta fi ta yaron kaifi, kuma kai za ka yi wa kanka ita da dare. Kyautar da mutum ya yi bayan ransa, me ta rage masa? Ya ci, ya sha, ya riƙe dukiyarsa har numfashin ƙarshe, sa'an nan da aka zo karɓe ta ƙarfi da yaji ya ce a ba wane. Mai wannan kyauta bai ɗanɗani zafin rabuwa ba, magada ne suka ɗanɗana a madadinsa. Shi ya sa sadakar mai lafiya, wanda yake tsoron talauci yana kuma fatan arziki, ta fi ta wanda rai ya zo masa maƙogwaro. Wannan ba ya ɓata wasiyya, rahama ce da aka buɗe wa mai rauni, kuma dukanmu masu rauni ne. Amma ga ma'auni da za ka gwada niyyarka da shi: abin da ka rubuta za a bayar bayanka, ɗauki ushirinsa ka bayar yau. Idan hannunka ya miƙe, wasiyyarka gaskiya ce. Idan ya ƙage, to ka san kyauta kake yi da aljihun 'ya'yanka, sai ka koma ka gyara zuciya kafin ka gyara takarda.

Idan ka ce: ai gina masallaci ko haƙa rijiya ya fi lada, sai in ce maka, ya kai falke, kai ne ka fi kowa sanin amsar wannan. Ba ka kai gishiri Bilma, ba ka kai goro Gwanja. Kaya ana kai su inda babu su. Idan ƙauyenku mata suna tafiyar rabin yini neman ruwa, haƙa rijiya, kada ka saurari mai zancen littafi. Amma a birane da yawa za ka ga lungu ɗaya da masallaci uku, kowanne sahu biyu ba ya cika, alhali a unguwar duka babu ɗaki guda da almajiri zai shiga ya duba tafsiri ko littafin lugga ba tare da ya durƙusa wa wani ba. Limaman masallatan nan uku kuwa, a ina za su koyi abin da za su faɗa wa mutane? Malamai sun lissafta ilmi mai amfani cikin ayyukan da ladansu ba ya yankewa da mutuwa. Wanda Allah bai ba shi ilmin da zai koyar ba, Ya ba shi kuɗin da zai sayi mazubinsa.

Idan ka ce: ɗakin karatun garinmu na hukuma ne, laburare ne, akwai littattafan boko a ciki, kuma kowa yana shiga, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, sai in ce: rijiyar da ka ce ta fi lada, tana tambayar mai guga addininsa? Kuma littafin da ke koya wa yaro lissafi, ko maganin cutar dabbobi, ko gyaran inji, amfaninsa a kasuwarka zai ƙare. In kuwa zuciyarka ba ta natsu ba, mai bayarwa yana da ikon sa sharaɗi: ka ce kuɗina a sayi littattafan fiƙihu da lugga da likitanci da noma, ban da wanin su. Sharaɗin mai hubusi abin kiyayewa ne muddin bai saɓa wa shari'a ba.

Wani saurayi kuma ya ce mini yanzu littattafai duk suna cikin waya. Da gaskiyarsa a wani gefe, ni ma na ga almajiri yana duba sharhi a wayarsa wanda a dā sai an yi tafiya kafin a gan shi. Amma waya ba ta ba ka wurin zama mai fitila inda ƙannenka ba sa hawa kanka, kuma rubutun kakanninmu da ke cikin adaka ba ya shiga waya da kansa, sai wani ya zauna ya ɗauki hotonsa warƙa warƙa, shi kuwa wannan sai an biya shi. Wannan ma wuri ne da wasiyya za ta shiga.

Fasali a kan waɗanda suka gabace mu

Kada ka zaci baƙon abu ne. Haɗibul Bagadadi, malamin hadisi, wanda ya rasu shekara ta 463 bayan Hijira, ya yi hubusin littattafansa ga Musulmi, ya damƙa su ga wani amintaccen abokinsa. Masu tarihi sun ce daga baya gobara ta cinye su a gidan da suka koma. Niyya ta yi kyau, amintacce ya samu, amma duk an tara su ƙarƙashin rufi ɗaya na gidan mutum ɗaya.

Ibnu Haldun kuwa, yana zaune a Alƙahira, ya aika da kwafin babban littafinsa na tarihi, Kitabul Ibar, hubusi ga taskar masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas, shekara ta 799 bayan Hijira. A takardar hubusin an sa sharaɗi: ba a ba da aronsa sai ga amintacce wanda ya ajiye jingina, kuma kada ya wuce wata biyu a hannun mai aro. Wani sashe na wannan kwafi yana nan a Fas har yau, bayan shekara sama da 600. Dubi yadda mutumin da ya san halin mutane yake bayarwa: bai hana aro ba, bai kuma saki ba ƙaidi.

Kusa da mu, ga Malam Umaru Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962. Sunansa ya gaya maka sana'arsa: fatauci yake yi, yana kuma karatu da rubutu, har ya tara abin da ya haura 3,000 na littattafai da takardu, mafi yawansu rubutun hannu. Bayan rasuwarsa taskar ta koma Jami'ar Northwestern, kusa da birnin Shikago a Amurka. Ba na zargin kowa a kan wannan, a can an adana su, an lissafta su, ruwa da gara ba su taɓa su ba, kuma da sun bi hanyar adaka huɗun da na ba ka labari da yanzu ba ma zancensu. Amma ka yi tunani: almajirin Kano da yake son ya taɓa takardar da falken Kano ya rubuta, sai ya haye teku. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, attajiranmu nawa suka tanadi ɗakin da za a ce a kai irin wannan taska a kwana da rai a kwance?

Ga kuma Tambutu. Wani malami mai suna Mamma Haidara ya rasu a 1981, ya bar wasiyya cewa ɗansa Abdulƙadir, yana ɗan shekara 17 a lokacin, shi zai riƙe littattafan gidan, ba sayarwa, ba bayarwa. Yaron ya girma cikin wannan amana, har ya buɗe ɗakin karatu da sunan mahaifinsa a shekara ta 2000. Da masu bindiga suka kama garin a 2012, shi da waɗansu gidajen malamai suka riƙa zuba littattafai cikin akwatunan ƙarfe, ana fitar da su a ɓoye, wasu a mota, wasu a kwalekwale ta kogin Kwara, zuwa Bamako, dubbai bisa dubbai. A watan Janairu na 2013 aka ƙone wajen 4,000 daga waɗanda suka rage a cibiyar Ahmadu Baba. Waɗanda aka fitar suka tsira. Uban da ya yi waccan wasiyya bai san za a yi yaƙi bayan shekara 31 ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya hana a raba, kuma ya ambaci sunan mutum ɗaya da za a tambaya.

Fasali a kan yadda kyauta take mutuwa

Mafi yawan masu bayarwa gini suke so, domin gini ake gani. Amma ɗakin karatu kamar doki yake, sayensa ya fi ciyar da shi sauƙi. Wani attajirin ƙarfe na Amurka, Andiru Kanegi, wanda ya rasu a 1919, da dukiyarsa aka gina ɗakunan karatu wajen 2,500 a ƙasashe dabam-dabam. Sharaɗinsa shi ne garin da zai karɓa ya yi alkawarin kashe ushirin kuɗin ginin kowace shekara wajen riƙe shi. Ɗan kasuwa ne, ya san jari ba ya tsayawa sai da abin juyawa. Saboda haka in da ni ne kai, ya kai falke, ba tsabar kuɗi zan bari a kashe a wata ɗaya ba. Zan ware shago guda ko rumfa a kasuwa, in ce kuɗin hayarta na ɗakin karatu ne: a biya mai tsaro, a gyara rufi kafin damina, a sa maganin gara, a kunna fitila, abin da ya saura a sayi littafi. A Kano da Sakkwato da waɗansu jihohi akwai hukumomin zakka da hubusi da ake rubuta irin wannan a wurinsu, rubutawar kuwa tana toshe bakin mai musu.

Sa'an nan ka duba wanda za ka ɗora. Masu ɓata hubusi iri biyu ne. Akwai mai saki, wanda duk wanda ya yi masa murmushi ya ɗauki littafi ya tafi, shekara uku kanta ta zama wayam. Akwai kuma mai ƙulli, wanda ya mai da mabuɗi sarauta, kullum ka zo an ce ya fita, rijiya ta bayar guga ya hana. Na biyun ya fi wuyar ganewa, domin shi yana zaton amana yake tsarewa, alhali littafin da ba a buɗewa da wanda gara ta ci, a wurin almajiri duk ɗaya ne. Kada ka ɗora mutum ɗaya. Sa uku: ɗaya daga gidanka, ɗaya daga malamai, ɗaya daga 'yan kasuwa wanda ya iya lissafi, kuma ka rubuta yadda za a maye gurbin wanda ya mutu. Ka rubuta ranakun buɗewa, da kwanakin aro, da inda littattafan za su koma idan ɗakin ya rushe.

Zancen suna kuwa, ko a rubuta sunanka a bango ko kada a rubuta, mutane suna tsananta shi fiye da kima. Magabata suna rubuta sunan mai hubusi a warƙar farko ta littafi, domin duk wanda ya gan shi a kasuwa ya san ba na sayarwa ba ne, kuma mai karatu ya yi masa addu'a. Sunan da ke cikin littafi mai gadi ne. Wanda ake tsoro shi ne sunan da ya fi ƙofar ɗakin girma. Kai ka san wanne zuciyarka take so.

Kai kuma almajiri, kada ka ce wannan zancen masu kuɗi ne. Rabinsa naka ne. Abin da ya fi kashe wa attajirai da malamai gwiwa shi ne abin da suka gani a hannunmu: littafin aro da ba ya komowa, warƙar da aka zare domin ƙyuyar kwafi, gefen shafi da aka cika da lissafin bashi. Wanda ya riƙe littafin hubusi a ɗakinsa ya hana shi komawa, ba mutum ɗaya ya ci wa haƙƙi ba, duk wanda zai karanta shi har ranar da zai ƙare ne, kuma ba ka san su ba balle ka nemi yafewarsu. Kundinka kuma da ka kwafa da hannunka, da abin da ka ji daga bakin malaminka ka rubuta a gefe, wataƙila babu irinsa a duniya sai shi. Faɗi tun yanzu, gaban mutum biyu, inda kake so ya tafi.

Da na karanta wa abokina wannan, ya yi shiru, sa'an nan ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar Juma'a ya tara 'ya'yansa maza da mata, ya kira limami da wani maƙwabcinsa shaidu. Bai kai sulusi ba, a kan humusi ya tsaya, domin akwai 'yarsa da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ya sa hayar shago ɗaya a cikin wasiyyar, rufin ɗakin kuwa ya ce ba zai jira mutuwarsa ba, ya aika aka sayo kwano a makon. Babban ɗan bai ce kome ba har aka shafa fatiha. Da za a tashi ya ce: "Baba, cikin mutum ukun nan da za su riƙe mabuɗi, na gidanmu wane ne?" Uban ya ce: "Wanda ya fara zuwa ya taya masu rufi miƙa kwano."

Tammat. Allah Ya gafarta wa wanda ya rubuta, da wanda ya kwafa, da iyayensu.